Asibitin Mazaɓarmu da Zaman Shawara da Majinyata: Abin da Na Gani Cikin Shekara Biyu

Kusan shekara biyu ke nan ina zirga-zirga zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu, saboda mahaifiyata tana fama da hawan jini kuma ana duba ta sau ɗaya a kowane wata, sannan a nan ne maiɗakina ta yi awon cikin ɗanmu na ƙarshe har Allah ya sauke ta lafiya. Ba zan ambaci sunan asibitin ko na ƙaramar hukumarmu ba, domin a cikin abin da zan rubuta akwai yabo akwai kuma suka, alhali ma'aikatan wurin mutane ne da muke haɗuwa da su a masallaci da wajen suna da jana'iza. Abin da nake son auna wa mai karatu shi ne wani ɓangare na aikin asibitin da ba kasafai ake maganarsa ba, wato zaman da ake yi da jama'ar gari domin jin ra'ayinsu kafin a tsara yadda za a gudanar da aiki da yadda za a kashe kuɗin da ke shigowa.

Shi kansa asibitin ƙarami ne, yana da ɗakin ganin marasa lafiya, da ɗakin haihuwa mai gado biyu, da ɗan ɗakin gwaje-gwaje inda ake gwajin zazzabin cizon sauro da na ciki da na yawan jini, sai wata taga da ake ba da magani. Babu likita mazauni, shugaban wurin jami'in lafiyar al'umma ne wanda kowa ke kira da incaji, tare da shi akwai ƙwararriyar ungozoma guda ɗaya da wasu malaman asibiti, sai 'yan sa-kai da ke taimakawa wajen yankar kati da shirya layi. Ta fuskar tsabta da iya karɓar mutane ba ni da wani babban ƙorafi, kuma tun da muka fara zuwa ba a taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba, wanda duk mai yawan zuwa asibitocin gwamnati ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Na fara halartar zaman ne bisa tsautsayi mai daɗi. Wata rana na yi wa incaji ƙorafin cewa tsofaffi masu hawan jini suna shan dogon jira a ranar da ake awon masu ciki, sai ya ce mini, “Malam, maganar nan ba a ofishina za ka faɗe ta ba, ka zo zaman kwamiti ranar Asabar ta ƙarshen wata ka faɗe ta a gaban kowa.” Na ɗauka hanya ce kawai ta sallamar mai ƙorafi, amma da na je na tarar da bencina jere a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ga wakilin dagaci, ga limami, ga shugaban makarantar firamare, ga wakilin direbobin tasha da na 'yan kasuwa, ga kuma mata uku zaune a kan tabarma a can gefe guda. Wannan shi ne kwamitin raya mazaɓa, kuma tun daga ranar da wuya wata biyu su wuce ban leƙa ba, duk da cewa ni ba ɗan kwamitin ba ne, ɗan majinyaciya ne kawai da aka ba shi damar zama.

Wannan tsari ba a ƙauyenmu aka ƙirƙire shi ba. Tun a taron Alma-Ata na shekarar 1978, inda ƙasashen duniya suka amince da kiwon lafiya a matakin farko a matsayin ginshiƙin lafiyar jama'a, aka rubuta cewa mutane suna da haƙƙi kuma suna da nauyin shiga cikin tsarawa da aiwatar da harkar lafiyarsu. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka fito da tsarin da ya ɗora wa jama'ar gari alhakin sa ido a kan kuɗin magani da ake juyawa a ƙananan asibitoci, kuma a Najeriya wannan tunani ya samu gindin zama ne a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shekarar da aka kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, wato NPHCDA. Daga baya, a farkon shekarun 2000, aka mayar da mazaɓa ta zama tushen tsarin, aka ce kowace mazaɓa ta samu asibiti aƙalla guda ɗaya da kwamitin da zai tsaya masa.

Abin da ya ba wa kwamitin haƙora, bayan shekaru yana zaman je-ka-na-yi-ka, shi ne kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda aka ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara zuba masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Kusan rabin asusun yana bi ta hanyar inshorar lafiya domin biya wa masu ƙaramin ƙarfi, kashi 45 yana bi ta hukumar NPHCDA domin magani da gyaran gini da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa ne. Wani kaso daga ciki yana faɗawa kai tsaye asusun bankin asibitin duk bayan wata uku, kuma ba a cire shi sai da sa hannun incaji da na shugaban kwamiti, bayan an rubuta tsarin abin da za a yi da shi. A shekarun farko kuɗin bai wuce kimanin naira dubu 300 a kowane zango ba, abin da ba zai gina ko ɗaki ɗaya ba, amma ya isa ya sa mutane su fara tambayar ina aka kai shi.

Zan fara da abin da ya gamsar da ni. Ƙorafin da na kai game da tsofaffi an saurare shi a zaman farko, aka yi ta muhawara kusan rabin sa'a, daga ƙarshe aka amince a ware safiyar Laraba ga masu hawan jini da ciwon suga, a bar Litinin da Alhamis ga awo, Talata kuma ga rigakafin yara. Wannan canji bai ci ko kwabo ba, amma ya rage wa mahaifiyata zaman da take yi daga hantsi har azahar ya koma abin da bai kai sa'a guda ba. A wani zaman kuma shugaban makarantar firamare ya kawo shawarar a rubuta farashin kowane magani da kowane gwaji a jikin allo da Hausa, a kuma rubuta abubuwan da suke kyauta, domin jama'a sun daɗe suna zargin mai ba da magani da cewa farashinsa yana sauyawa gwargwadon rigar da mutum ya sa. Na lura ran ma'aikatan bai so ba a lokacin, amma an kafa allon, kuma tun daga nan cacar bakin da ake yi a bakin taga ta ragu sosai.

Mafi girman abin da zaman ya haifar, a ganina, shi ne maganar dare. Wakilin direbobi ne ya faɗi cewa sau da dama ana tashinsa da tsakar dare a kai mai naƙuda, su iso su tarar da ɗakin haihuwa cikin duhu, ungozoma na aiki da fitilar waya. An tara kuɗin zango biyu aka sayi farantan sola da batura aka haɗa wa ɗakin haihuwa da firjin ajiye allurar rigakafi, sannan direbobin suka amince a liƙa lambobin mutum uku daga cikinsu a ƙofar asibiti, waɗanda za su riƙa kai mai jijjiga ko mai zubar jini babban asibiti a kan kuɗin mai kawai. Duk wanda ya san cewa zubar jini bayan haihuwa da jijjiga suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma jinkirin samun mota yana cikin abin da ke mayar da su ajali, zai gane darajar wannan yarjejeniya. Babu wani jami'i a hedikwata da zai zauna a ofis ya san wane direba ne ke kwana kusa da tasha, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne kuma yabona yake tsayawa, domin masu ɗakin na gaskiya ba su ne ke magana a wurin ba. Duk wanda ya tsaya a bakin asibitin da safe zai ga cewa mafi yawan masu riƙe da kati mata ne da ƙananan yara, amma a zaman kwamiti maza ne suka cika bencina, mata ukun nan kuma, wato shugabar mata da ungozomar gargajiya da wata malamar Islamiyya, suna can gefe, ba a waiwayarsu sai an kusa addu'ar tashi, lokacin da shugaba zai ce, “Hajiya, ko akwai abin da iyayenmu mata za su ƙara?” Amsar kusan kullum ɗaya ce, wato godiya da fatan alheri. Ƙa'idar kafa kwamitin ta tanadi cewa dole a samu wakilcin mata, kuma a takarda an cika wannan sharaɗi, sai dai zama a kan tabarma a gaban limami da wakilin dagaci da surukai ba ya sa mace ta buɗe baki ta yi maganar abin da ya shafi ɗakin haihuwa.

Na gane zurfin wannan giɓi ne daga cikin gidana. An shafe zama biyu ana tattauna dalilin da ya sa mata suke zuwa awo amma idan haihuwa ta zo sai su haihu a gida, kowane namiji ya kawo nasa hasashen: wani ya ce jahilci ne, wani ya ce tsoron kashe kuɗi ne, wani ya ɗora laifin a kan ungozomomin gargajiya, har aka yanke shawarar limamai su yi huɗuba a kai. Da na koma gida na ba maiɗakina labari, sai ta yi dariya ta ce ai babu macen da ba ta san dalilin ba a unguwar nan. Tagar ɗakin haihuwa tana kallon inda maza masu rakiya suke zama, ba ta da labule, banɗakin mata ba shi da sakata, kuma daren da ungozoma ba ta aiki namiji ne yake karɓar haihuwa. Ta ce sun daɗe suna faɗar haka a tsakaninsu a layin awo, amma wace ce za ta tashi a gaban Malam Liman ta yi maganar tagar da ake hango mai naƙuda?

Da na kai maganar zama na gaba, an sa labule an gyara sakata cikin mako guda, da kuɗin da bai kai na buhun siminti biyu ba. Na ji daɗin hanzarin, amma abin ya tsaya mini a rai, domin matsalar da ta hana mata haihuwa a asibiti ta shafe tsawon lokaci a bakin matan da ke zuwa wurin kowane mako, ba ta isa kunnen kwamiti ba sai da ta biyo ta bakin wani namiji da ya yi sa'ar tambayar matarsa. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ba da shawarar ungozoma ta riƙa zama da mata su kaɗai a ranar awo, bayan an gama jawabin lafiya, ta rubuto abin da suka faɗa ta kawo wa kwamiti ba tare da ambaton suna ba. An karɓi shawarar da hannu biyu, an yi sau biyu, daga nan aikin ya yi wa ungozomar yawa, abin ya bi ruwa, kuma har yau babu wanda ya tambayi dalili a zama.

Abu na biyu da ya rage wa zaman daraja a idona shi ne takardar tsarin kashe kuɗi. Da Turanci ake cike ta, a kan fom ɗin da aka aiko daga sama, kuma sau da yawa incaji yakan zo da ita a cike saboda wa'adin miƙa ta ya matso, ya karanta manyan kanunta da Hausa a gurguje, shugaba ya sa hannu. Ba na zargin kowa da cin kuɗi, domin rasiɗan suna nan kuma na ga abin da aka saya da idona, amma akwai bambanci tsakanin a tambaye ka me kake so a yi da kuma a karanta maka abin da aka riga aka yanke. A irin waɗannan ranaku kwamitin yakan koma 'yan amshin shata. Haka nan idan kuɗin zango ya makara, wanda yakan faru, sai zaman ya yi sanyi, mutane su ragu, kamar dai babu abin tattaunawa a harkar lafiya sai rabon kuɗi.

Akwai kuma iyakar da ba laifin asibitin ba ce. Buƙatar da ta fi kowace maimaituwa a zaman ita ce a ƙaro ungozoma ta biyu domin a samu mace a ɗakin haihuwa dare da rana, kuma an rubuta takarda an kai sama fiye da sau ɗaya. Ɗaukar ma'aikata da tura su da biyansu albashi yana hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, tun bayan manufar da aka amince da ita a 2011 ta tattara harkar ƙananan asibitoci a ƙarƙashin inuwa ɗaya, don haka kwamitin mazaɓa ba shi da abin yi sai roƙo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rashin amsa, domin da za a rubuto a ce babu hali a bana saboda dalili kaza, da mutane sun san an ji su. Shirun da ake yi yana koya wa jama'a cewa shawararsu tana aiki a kan labule da allo, amma ba ta haura katangar asibiti.

Ya kamata a ce mu a Arewa mun fi kowa sanin tsadar rashin tuntuɓar jama'a. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ya bazu game da maganin, zargin da ya samu wurin zama a zukatan da ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a tsakiyar 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya juya al'amarin daga baya shi ne shigo da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, har aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Sai dai darasin da hukumomi suka fi ɗauka daga nan shi ne amfani da shugabanni wajen isar da saƙo zuwa ƙasa, kuma a zamanmu ma na lura an fi ƙwarewa a wannan. Idan lokacin rabon maganin kariya daga zazzabin cizon sauro na damina ya zo, kwamitin yana aiki kamar agogo, masu unguwanni su yi shela, limamai su sanar, amma saƙon da zai taso daga majinyaci ya hau sama ba shi da irin wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Akwatin ƙorafi da aka rataye a baranda ya isa misali, domin yana buƙatar rubutu a wurin da yawancin masu zuwa ba sa rubutun boko, kuma makullinsa yana hannun ma'aikatan da za a yi ƙorafi a kansu. A gefensa an manna takardar haƙƙoƙin majinyata guda 12 da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a watan Yulin 2018, wadda ta ƙunshi haƙƙin samun bayani cikin harshen da mutum yake ji, da haƙƙin sirri, da haƙƙin kai ƙara, amma ita kanta takardar da Turanci take. Masu buƙata ta musamman kuwa ban taɓa ganin wakilinsu a zaman ba, alhali matakala uku ne a ƙofar shiga, kuma na sha ganin ana ɗaga gurgu da kekensa kamar kaya. Matasa ma ba a jin ɗuriyarsu sai ranar aikin gayya na share harabar asibiti.

Idan aka ce in auna, zan ce kulawar da ake ba marasa lafiya a wannan asibiti ta fi abin da na zata daga wuri mai ƙarancin ma'aikata irin wannan, kuma ina ba duk mai tsoho da ke shan maganin hawan jini ko mai iyali da ke awo shawarar ya fara da nan kafin ya kwashi hanya zuwa babban asibiti ko ya miƙa kansa ga mai kemis. Shi kuwa zaman shawarar, rabin aiki ne aka yi: yana gyara ƙananan abubuwa da sauri kuma da gaskiya, incajin yana da haƙurin sauraron suka a bainar jama'a, amma kujerar majinyaci a wurin aro ce, kuma mace ba ta da ita sai a takarda. Wanda zai je ya tafi da magana guda ɗaya takamaimiya, ya nemi a rubuta ta a littafin zama, ya kuma dawo wata mai zuwa ya tambayi inda aka kwana, domin na lura abin da aka rubuta kuma aka bibiya shi ake aikatawa. Kafin ya fita daga gida kuma ya tambayi matan gidansa abin da suke gani a asibitin, tun da su ne suka san shi ciki da bai.

A zaman watan jiya na sake tayar da maganar zaman mata na ranar awo, malamar Islamiyya ta ce za ta karɓi rubutun daga hannun ungozoma idan aka saya mata littafi da biro, shugaba ya ce a sa a cikin tsarin zango mai zuwa tare da gyaran matakalar ƙofa. Sakatare ya rubuta duka biyun a gabana, kuma ranar Laraba mai zuwa da zan kai mahaifiyata a duba ta zan leƙa in ga ko an sayo littafin.